Idan ɗanka ya ce zai karanci kimiyyar siyasa

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar bakaloreya ya fito, akan zauna shawara a gidajen da Allah ya ba ƴaƴansu sa'a. Uba yakan so ɗansa ya zama likita ko malamin gona, tun da ana koyar da duka biyun nan kusa, a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. To, amma idan yaro ya ce shi kimiyyar siyasa yake so, kuma zai tafi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, nan take fuskar uba takan sauya. Sai ka ji ana cewa: ashe ƙarya da romon baka ma sai an je jami'a ake koyonsu?

Iyaye suna da hujja. Abin da yawancinmu muka sani da sunan siyasa shi ne motoci masu lasifika, da rabon atamfa da sukari, da alkawarin rijiya wadda ba a haƙa ba. Duk da haka, ra'ayina shi ne kada a yi saurin hana yaron, domin abin da ake koyarwa a jami'a daban yake da yawon neman ƙuri'a. Cikin shekara 3 na digirin farko, wanda ake kira lisans, ɗalibi yana karanta tsarin mulki, da yadda ake yin doka, da yadda ake tara haraji a kasafta shi, da hulɗar ƙasa da ƙasa, da hanyar yin bincike cikin jama'a. A Yamai karatun yana tafiya tare da na shari'a, a tsangaya guda.

Wannan ilimi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan wajiban sarki. A sarautar Katsinan Maraɗi ma, Ƙaura da Galadima da Durɓi da Ƴandaka su ne masu zaɓen sarki, kuma sarki ba ya yanke babbar magana sai da su. Wanda ya tambayi dalilin da ya sa magabata suka raba iko haka, ya riga ya sa ƙafa cikin kimiyyar siyasa.

Mu dawo gona, mu fara da ruwa. Gulbin Maraɗi, wanda fadamunmu da tafkin Madarunfa suke dogara da shi, daga Nijeriya yake fitowa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, ruwan da yake gangarowa gare mu ya ragu. Dattawan da suka san yadda gulbi yake malala a dā, su ne shaida. Mutum nawa ne cikinmu suka san cewa a shekarar 1990, a Maiduguri, Nijar da Nijeriya sun sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, kuma gulbin nan namu yana cikinta? Akwai ma hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu tun 1971, mazauninta a Yamai. Malamin gona zai gaya maka irin da ya dace da ƙasarka da yawan takin da za ka zuba. Amma ranar da za a zauna kan maganar buɗe madatsa, ana bukatar wanda ya karanta takardar ya gane ta, kuma ya san abin da ƙarancin ruwa yake yi wa mai lambu a Jiratawa ko Safo.

Maganar ƙasa ta fi wannan zafi. A watan Oktoba na 1991, a Toda, cikin jahar nan tamu ta Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da kofo, tun daga gunduma har zuwa ƙauye. Kofo na iya ba ka takardar shaidar gonar da ka gada, ko ka saya, ko aka ba ka kyauta, har da ta aro da ta jingina. A 2010 kuma aka ƙara dokar kiwo, wadda ta kare burtali da makiyaya da mashaya. Dokokin nan suna da kyau a takarda. Sai dai kash, har yau ana sayar da gona da baki kawai, shaidu su mutu, jikoki su kwashi juna zuwa gaban alƙali. Ana cin burtali kaɗan-kaɗan da garma, sai ranar da shanu suka biyo, a rasa inda za su bi. Me ya sa doka mai kyau take kasa isa ƙauye? Wane ne yake amfana idan talaka bai san da ita ba? Irin tambayoyin da ake horar da ɗalibin kimiyyar siyasa ya bi diddiginsu ke nan.

Haka abin yake a fannin lafiya. A 2006 gwamnati ta ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 za a duba su kyauta a asibitocinta. Iyaye mata suka yi ta kai ƴaƴansu, rayuka da yawa suka tsira, musamman a lokacin damina da zazzaɓin cizon sauro yake tsananta. Amma tsarin shi ne asibiti ya yi magani tukuna, gwamnati ta biya shi daga baya, kuma biyan ya riƙa makara wata da watanni, har shekaru. Da kuɗi suka ƙi zuwa, sai ɗakin magani ya bushe, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Ita kuwa malamin asibitin da yake gabanta za ta zarga, alhali kuskuren yana can sama, wurin da aka yi shelar kyauta ba tare da an tanadi kuɗinta ba. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda aka kafa a 2001, suna cikin waɗanda suka shiga asibitoci suka rubuta wannan dalla-dalla. Aikinsu bai warkar da yaro ko ɗaya da hannu ba, amma ya nuna inda tulun yake yoyo.

Ku tuna kuma da 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, amma hatsi bai ƙare a kasuwa ba. Tsada ce ta yi tashin gwauron zabo, talaka ya kasa saye. Jahar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ce ta cika cibiyoyin jinya da yara masu tamowa. Hukuma ta daɗe tana sayar da hatsi a farashi mai rahusa kafin ta yarda da rabon kyauta a watan Agusta. Tun kafin nan, yunwa da yadda aka tafiyar da kayan agaji suna cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974, da Seyni Kunce ya hamɓare Diori Hamani.

Wani zai ce: duk mun ji, amma ina aikin yi? Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a yi wa iyaye daɗin baki ba. Likita da ungozoma sun fi saurin samun abin yi. Guraben gwamnati kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma shiga makarantar horar da ma'aikatan mulki ta ENA sai an ci gasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, an rushe jam'iyyu a 2025. Wanda ya tafi da niyyar dawowa ya tsaya takara gobe, ya yi lissafi ba daidai ba. Amma ko da zaɓe ko babu, ana karɓar haraji a kasuwar Ɗan Isa, ana sa ranar sakin gonaki, ana shawara kan tsaron mutanen Gabi da ƴan bindiga suka addaba, ana rufe iyaka ana buɗewa kamar yadda muka gani daga 2023 zuwa 2024. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana bukatar ma'aikacin da ya san doka, da ɗan jarida ko wakilin ƙungiyar manoma da ya san tambayar da zai yi.

Saboda haka ba kowane yaro zan ba wannan shawara ba. Wanda yake gudun lissafi da kimiyya kawai, yana neman inda zai fake, gara ya nemi sana'a. Karatun nan na mai jimirin karanta dogayen takardu ne, mai iya rubutu, mai sauraron dattijo har ya kai aya. Idan ƴa mace ce take da wannan hali, a bar ta ta tafi. Yawancin waɗanda ake danne wa gadon gona mata ne, kuma sun fi sakin jiki su faɗa wa ƴar uwarsu.

Uban da ya sayar da rago ko buhun wake ya biya kuɗin mota yana da haƙƙin ya ga amfanin kuɗinsa tun kafin digiri. A 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma yawancin dokokin da suka shafi gona da asibiti da Faransanci aka rubuta su. Idan ɗalibi ya zo hutu, a ce ya zo da dokar tsarin karkara, ya zauna a ajin yaƙi da jahilci ya fassara ta sashe-sashe. Sa'an nan ya raka mahaifinsa wurin maigari da sakataren kofo, a rubuta takardar gonar gidansu tun shaidu suna da rai.