Jika ma mai makoki ne

A zaman makokin tsoho a nan Maraɗi, akwai waɗanda ake wa gaisuwa, akwai waɗanda ake aike. Ƴaƴan mamaci na kan tabarmi a ƙofar gida, jama'a na shigowa rukuni-rukuni: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Matansa na ciki sun shiga takaba, mata na kewaye da su. Jikoki kuwa su ne masu jido kujeru, masu cika butoci, masu kai kwanuka maƙwabta. In wani ya tuna da su, da zolaya zai tuna: "To, kun kashe tsoho kun huta," ko a dubi yarinya idonta ya yi ja a ce, "Amarya, ango ya gudu ya bar ki."

Ba da mugun nufi ake faɗa ba, na sani. Wasan kaka da jika tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma wanda ya ga jikokinsa har da tattaɓa-kunne, mutane kan ɗauki mutuwarsa a matsayin cikar ni'ima. Amma na yi irin wannan zama kwanan nan a Sabon Gari, da Allah ya karɓi ran kakana na wajen uba, na kuma tashi da ra'ayin cewa muna tauye wa jika haƙƙinsa. Sau da yawa shi ne ya fi kowa sanin mamacin.

Dalilin a fili yake. Tsakanin ɗa da uba akwai kunya, balle ɗan fari da ko sunansa ba a kira. Mahaifina bai taɓa zama ya tambayi mahaifinsa yadda ya yi aurensa na farko ko ranar da ya karye a kasuwa ba. Zai gaishe shi a durƙushe, ya ji umarni, ya tashi. Mu kuwa babu shamaki. Mu muke hawa buzunsa, mu ɗauke masa hula, mu laluba aljihunsa. Da haƙoransa suka ƙare, mu muke goga masa goro a kan ɗan magogin gwangwani da ya huhhuda da ƙusa, ya tara garin a tafin hannu ya watsa baki, sannan labari ya ɓalle. Mazanmu ɓarayin matarsa yake kiranmu, matanmu kuma duk amarensa ne, kowace da sadakin da ya yi mata alkawari ranar Salla. Ta cikin wannan wasan ne tarihin gidanmu, har da na garin, ya iso kunnenmu.

Daga bakinsa na fara jin cewa Maraɗin da muke ciki ba ita ce ta fari ba. Yana yaro a 1945 lokacin da Gulbin Maraɗi ya cika ya ci tsohon gari da ke cikin fadama, Turawan Faransa suka mayar da jama'a bisa tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Limanci da Ƴandaka suka hau da sunayensu. Abin da ya riƙe daga wannan rana ba yawan gidajen da suka faɗi ba ne. Mahaifiyarsa ya riƙe, da tukunya a ka, tana jan hannunsa cikin ruwa, tana ce masa kada ya waiwaya. Ya ba mu wannan labari ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da ya zo wurin nan sai muryarsa ta sauka.

Ya yi zamanin gyaɗa, lokacin da ita ce arzikin Maraɗi, yana saye a ƙauyuka yana kaiwa sikeli. Ya ga farin 1973 da 1974 ya durƙusar da wannan ciniki. Ya ga yunwar 1984, wadda mutanen nan suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da canjin naira a mulkin Buhari, aka toshe hanyar Ɗan Isa da Jibiya da muke samun hatsi da kaya ta cikinta. A wannan shekara da hannunsa yake auna tiyar hatsin gida, kuma sai yara sun ci yake ci. Ya ga an raba darajar sefa biyu a watan Janairun 1994, ɗan abin da ya tara don tsufa ya narke yana kallo. Ban taɓa jin ya ba da ɗayan labaran nan da ɗaci ba. Abin da yake so mu riƙe shi ne sunayen mutanen da suka ranta masa hatsi, da gidajen da suka fito, don mu san waɗanda za mu gaisar in mun haɗu.

In hira ta yi daɗi sai ya zarce can baya, inda shi ma ji ya yi daga kakansa: yadda Katsinawa suka taso bayan jihadi suka kafa Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, yadda Gobirawa suka zauna Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da hare-haren Ɗan Baskore. Ana karanta waɗannan a lakwal da jami'a yanzu, kuma madalla. Sai dai littafi ba zai gaya maka wane kakanka ne ya riƙe linzamin doki ba, ko dalilin da ya sa danginku na Jiratawa suka rabu da na birni.

Wannan ne abin da jika ke rasawa ranar da aka ɗauki makara: mutum guda da yake iya tambaya komai ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ga yara da yawa ma ya wuce haka. A Sabon Gari da sauran unguwanni, gida nawa ne uba ya tafi ci-rani Agadas, Libiya ko Legas, kaka ne ke tashin yara sallar asuba, shi ke raka su makarantar allo, shi ke shiga tsakani in an ɗauko bulala? Ranar da irin wannan tsoho ya faɗi, yaron maraici ya shiga, mu kuma muna miƙa masa buta muna dariya.

Addini bai hana shi hawaye ba. Kururuwa da yage tufafi aka hana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun kakansa Abdul Muɗɗalibi ya zauna bayan rasuwar mahaifiyarsa, daga shekara 6 zuwa 8, kuma masu tarihinsa sun kawo cewa ya yi kuka a bayan gawar kakan. Mun daɗe a Maraɗi muna muhawara kan sadakar uku da bakwai da arba'in, wasu na yi, wasu sun bari; kowa da malaminsa, ba zan shiga ba. Amma ban ji wani ɓangare ya ce a bar yaro shi kaɗai da baƙin cikinsa ba.

A gidanmu, wadda ta fi ba ni tausayi ƙaramar jikanya ce da ke kai masa fura kullum da hantsi. Kwanaki bayan jana'iza an same ta tsaye a bakin zaure da kwanon a hannu, ta dama ta kawo bisa sabo. Babu wanda ya yi mata gaisuwa tun ranar farko, har wata gwaggonmu ta lura, ta jawo ta jikinta ta ce, "Ya haƙuri, uwata?" Sai a lokacin ta samu ta yi kukanta.

Ba na kiran a bar wasan jikoki; shi kansa marigayin da zai fi kowa jin haushin haka. Roƙona ga mai zuwa ta'aziyya shi ne, in ka gama da manya a kan tabarma, ka tambayi ina jikokin suke, ka kira su ɗaya-ɗaya ka yi musu gaisuwa irin wadda ka yi wa iyayensu, zolaya ta biyo daga baya. Ku kuma da naku kakannin ke raye, ku je yau da goronku ku zauna, ku yi tambaya, ku ɗauki muryarsu a waya in sun yarda. Wanda ya karanta wannan shafi, ina roƙon ya sa kakana cikin addu'a. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, da na dukkan magabatanmu.