Tambayar da ta ba ni kunya a Landan



Da yawanku kun san na yi shekara biyu a Ingila lokacin da Babanmu yake ƙaro karatu. Kullum tambayar da ake yi mini ita ce sanyi da ƙanƙara. Yau wani abu daban zan faɗa.

Wata Asabar a watan Nuwamba, maƙwabciyarmu ta ɗauke mu ni da jikarta zuwa kallon hawan Magajin Garin tsohon birnin Landan. Duk shekara ake zaɓen sabo, kuma duk shekara sai an yi masa wannan rakiya. Ana yayyafi, yatsuna sun ƙage, amma titi ya cika maƙil. Sojoji masu badujala suka wuce, sai wasu dogayen mutum-mutumi guda biyu da aka saƙa da tsumagu, sai masu tsofaffin kayan yaƙi da dogayen masu. Can ƙarshe ga Magajin Gari a keken doki mai ruwan zinare, dawaki shida suna ja, yana leƙowa ta taga yana kaɗa hula.

Gaskiya a raina na ce, wannan ne abin da aka sa mu tsaya cikin ruwa dominsa? Wanda ya ga Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ya ji kakaki da bindigogi, ya ga 'yan lifida, ya ga hakimai sun sako dawaki a guje suna jafi, wannan ba zai girgiza shi ba. Na faɗa wa ƙawata haka, har da ɗan cika baki.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce mini nasu ya samo asali tun 1215, lokacin da Sarki John ya yarda mutanen birnin su zaɓi shugabansu, da sharaɗin duk wanda aka zaɓa zai je ya yi rantsuwar biyayya ga sarauta. Mutanen da ke raka shi ne suka zama wannan hawa. Keken dokin ma ta san an ƙera shi a 1757. Shekarunta goma sha ɗaya kamar ni a lokacin. Sai ta ce, to naku fa, yaushe aka fara, kuma wane ne Daushe?

Na yi tsuru-tsuru. Sau huɗu ina zuwa kallon hawa, kwalliyar dawaki da alawar da ake saya mini kawai na sani.

Da muka koma gida Baba ya yi mini dariya, sannan ya ce ana danganta hawan da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. An ce Daushe wani na kusa da Sarki ne da rashin lafiya ta hana shi hawan ranar Sallah, sai aka sake hawa washegari dominsa. A ranar ne Sarki kan je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki. A Hawan Nassarawa kuma yakan je Gidan Gwamnati. Ashe kowane hawa da inda ya dosa da dalilinsa.

Na gwada tambayar mutum goma a ajinmu makon jiya. Biyu ne suka kusa amsawa, ɗaya ma ya ce Daushe sunan doki ne. Ban yi masa dariya ba, don ni ma can na fito. Kuma a Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, wato baƙi za su ƙara zuwa, kuma mu za su tambaya.

Na san wasu iyaye ba sa barin yara zuwa kallo, musamman mu mata, saboda turmutsutsu da 'yan daba. Suna da gaskiya. Amma sanin tarihin ba sai an shiga cunkoso ba. Ina roƙon Malamin Tarihi ya ware mana darasi ɗaya kafin hutun Sallah a kan hawa, kuma ina roƙon Shugaban Makaranta ya amince a kai 'yan kulob ɗinmu Gidan Makama a wannan zangon. Kuɗin mota mu za mu haɗa.

Daga wata ɗaliba, JSS 2