Ƙafafu takwas da ya kamata masu gyaran lantarki a Daura su sani

Daga cikin birnin Daura har zuwa Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, da wuya a sami gidan da ba shi da na'urar da ke karɓar wuta ta canza ta kafin ta yi aiki. Cajar waya, talabijin, dikoda, kwamfuta, inbatar sola da fitilar caji duk suna ɗauke da sashe iri ɗaya a cikinsu, wato sashen da ke rage wuta ya daidaita ta, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa. Abin da aka saba yi idan ya mutu bai wuce biyu ba: ko a cire fanel ɗin gaba ɗaya a sa wani, ko a ce wa mai kaya ya haƙura ya sayi sabo. Ra'ayina shi ne, wannan asara ce da za a iya rage ta sosai, muddin makarantun fasaha da shagunan gyara na masarautar Daura suka ɗauki koyar da ɗan ƙaramin ayisi mai sarrafa wannan sashe da muhimmanci. Wanda ya san aikin kowace ƙafa ta wannan ayisi, ya bar gyaran kintace, ya koma gyara da hujja.

Wutar da KEDCO ke rabawa a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, kamar ta sauran Najeriya, a ƙa'ida volt 230 ce, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. A da, ana rage ta ne da taransifoma mai nauyi, shi ya sa tsofaffin rediyo suke da nauyin ɗauka. Na'urorin yanzu sun bi wata hanya. Suna miƙar da wutar ta zama mai tafiya gefe ɗaya, ta taru a babbar kafasita har ta kai wajen volt 320, sannan wata taransisto ta riƙa buɗe ta tana rufewa sau dubun-dubata a daƙiƙa ɗaya. Saboda wannan saurin, 'yar ƙaramar taransifoma ta isa ta yi aikin da babba ke yi. Ayisi mai sarrafawa shi ke yanke tsawon lokacin da taransisto za ta zauna a buɗe a kowane zagaye. Aikinsa ya yi kama da na manomin rani a bakin madatsar Sabke: idan fangali ya sha ruwa ya ƙoshi sai ya yi saurin toshe hanya, idan kuwa da saura sai ya bar ta a buɗe ta ɗan jima. Injiniya Bob Mammano na kamfanin Silicon General a Amurka ne ya fara haɗa wannan dabara cikin ayisi guda, mai suna SG1524, a tsakiyar shekarun 1970. Daga baya kamfanin Unitrode, wanda Texas Instruments ya saye a 1999, ya fito da UC3842 mai ƙafa takwas, wanda har yau ake samunsa cikin cajar batir da sauran na'urori.

Ƙafafun nan takwas kowace da aikinta. Ta bakwai ce ke karɓar wutar da ayisin kansa ke rayuwa da ita, kuma UC3842 ba ya tashi sai wutar ta kai wajen volt 16, yana kuma kashe kansa idan ta faɗo ƙasa da 10. Ta biyar ita ce ƙasa, inda ake ɗora baƙar wayar mita idan za a yi awo. Ta takwas tana fitar da volt 5 cif, wadda sauran sassa ke dogara da ita. A ta huɗu ake haɗa rezisto da kafasita waɗanda ke yanke saurin buɗewa da rufewa. Ta shida ce ke tura umarni zuwa ga taransisto. Ta uku tana sa ido kan yawan wutar da ke ratsa taransisto ta hanyar wata 'yar rezisto, kuma da zarar awon ya kai wajen volt 1 sai ayisi ya yanke wannan zagayen don kada wani abu ya ƙone. Ta biyu tana karɓar labarin wutar da ke fita, ayisi ya gwada shi da volt 2.5 da ke cikinsa, ta ɗaya kuma ita ce mafitar wannan gwaji, inda ake daidaita martanin ayisin don kada ya riƙa rawa. Iyakar abin ke nan, kuma yaron da ya iya haddace lambobin wayar abokansa ba zai kasa riƙe shi ba.

Amfanin wannan sani yana fitowa ne a kan teburin gyara. A ce an kawo caja da ke yin ƙyas-ƙyas, tana ƙoƙarin tashi tana mutuwa. Wanda bai san ƙafa ta bakwai ba, sai ya zargi ayisi ko taransifoma. Wanda ya sani kuwa zai tuna cewa ayisi yana tashi ne da 'yar wutar da rezisto ke tarawa a wata ƙaramar kafasita, sannan wani naɗi na taransifoma ya ci gaba da ciyar da shi. Idan wannan kafasitar ta bushe, wutar za ta hau 16 ta faɗo ƙasa da 10, ta sake hawa ta sake faɗowa, kuma wannan ne sautin da ake ji. Ga Daura wannan misali yana da nauyi, domin zafi ne ke busar da irin waɗannan kafasitoci, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rayuwarsu da kusan rabi. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin kan haura digiri 40, balle cikin shago mai rufin kwano. Haka nan, wanda ya canza taransisto da ta ƙone bai duba 'yar rezisto ta ƙafa ta uku ba, zai iya ganin sabuwar ta sake tafiya nan take. Wanda kuma ya sa UC3843 a gurbin UC3842 don ya ga kamanninsu ɗaya, bai san cewa shi UC3843 yana tashi ne tun daga wajen volt 8.4 ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu ja da wannan ra'ayi ke kawowa ita ce ta kuɗi. Suna cewa cajar waya ta yi arha a kasuwa har kuɗin gyara ya fi na sabuwa, kuma ƙananan cajoji da yawa an liƙe su ne yadda buɗe su sai an fasa. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce a ɓata yini guda kan ƙaramar caja. Amma dukiyar mutane ba a nan take ba. Tana cikin inbatar da mai shago ya tara kuɗi ya saya, da cajar batir, da fanel ɗin wutar talabijin, da injin walda na zamani, da kayan asibiti. Yawancin waɗannan daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu kuma ya bi dala ya hau tun bayan da aka saki naira a 2023. Sauya kafasita ɗaya ko ayisi ɗaya a irin wannan kaya bai kai kusa da kuɗin sabon fanel ba, kuma ladan aikin a aljihun ɗan gari zai zauna. Akwai kuma batun bola. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tarayyar Turai, duk da arzikinta, ta kafa dokar haƙƙin gyara a 2024. Idan masu kuɗi sun koma ga gyara, talaka ba shi da dalilin raina shi.

Wasu kuma za su ce UC3842 tsohon yayi ne, na'urorin yanzu suna zuwa da ayisi irin su VIPer22A da ke haɗe da taransisto a jiki guda, sannan takardun bayanin duk da Turanci suke. Amsa ita ce, sunaye suna canzawa amma ayyukan ba sa canzawa. Kowane ayisi mai sarrafa wuta yana buƙatar abin ci, da ƙasa, da hanyar jin abin da ke fita, da hanyar kare kansa. Wanda ya ƙware a mai ƙafa takwas ba zai ruɗe ba idan ya ci karo da SG3525 ko TL494 masu ƙafa 16, waɗanda ake yawan samu a cikin inbatoci. Maganar Turanci kuwa ta fi zama hujja a kan malamai fiye da ɗalibai. Abin da mai gyara ke buƙata daga takardar bayani bai wuce zanen ƙafafu da 'yan lambobi ba, kuma babu abin da ya hana a rubuta wannan da Hausa a shafi biyu a liƙa a bangon shago.

Haɗari shi ne ƙorafin da ya cancanci a tsaya a kansa, domin babbar kafasita tana iya riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire na'ura daga soket. Sai dai wannan ma yana ƙarfafa batun koyarwa ne. Yara suna buɗe waɗannan na'urori a shaguna yau, ko an koya musu ko ba a koya ba. Wanda aka koya wa ya san ya sauke wutar kafasita kafin ya taɓa komai. Ya kuma san cewa zai iya gwada ayisi ba tare da wutar soket ba sam, ta hanyar ba ƙafa ta bakwai volt 17 ko 18 daga wata majiya daban, ya duba ko volt 5 ta bayyana a ta takwas.

Daura tana da wuraren da za su ɗauki wannan nauyi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disambar 2019, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta garin, wanda na'urorin sigina da sadarwarsa za su buƙaci irin wannan sashen wuta. Abin da ake buƙata shi ne gajeren kwas na yamma ko na ƙarshen mako, da Hausa, wanda za a buɗe wa masu gyaran rediyo da waya da masu haɗa sola ba tare da neman takardar sakandare ba. Kayan aikin ba su wuce mita, ƙarfen dalma da tarin matattun fanel ba, waɗanda shagunan garin za su bayar da farin ciki. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar, da ƙungiyoyin masu sana'a, za su iya raba kuɗin a tsakaninsu, fadar Mai Martaba Sarkin Daura kuma ta sa baki don iyayen gida su saki yaransu su halarta. Kayan lantarki za su ci gaba da shigowa masarautar ko an shirya ko ba a shirya ba. Abin da ke hannun mutanen Daura shi ne su yanke ko kuɗin gyaran zai riƙa tafiya Kano da Legas, ko zai tsaya a hannun 'ya'yansu.