Na Koma Kan Babur, Na Tarar Titi Ya Sauya Harshe

Shekara goma sha biyar na yi rabona da tuƙa babur. A 2008 na jingine Jincheng ɗina na sayi 'yar tsohuwar mota, ina ganin na rabu da rana da ƙura ke nan. Idan mai karatu bai manta ba, ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce dubu. Albashi bai bi sahu ba. Haka na rufe motar da tamfol, na sayo babur, kuma ba ni kaɗai ba ne a cikin malamai da ma'aikata.

Jama'a na cewa wanda ya iya babur ba ya mantawa. A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, na yarda da rabin wannan magana. Mutumin da ya daɗe bai yi amfani da wani harshe ba, nahawun yana nan a kansa, amma saurin kama zance da mayar da amsa ya tafi. Haka na samu kaina. Hannu ya tuna kuloci, ƙafa ta tuna giya, amma idon da ke karanta niyyar direban gaba tun kafin ya juya sitiyari ya dushe.

Titin ma ba wanda na bari ba ne. A Kanon da na sani, 'yan acaɓa ne sarakan hanya, kuma mun san karin maganarsu. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta gaje filin. Ita kuwa tsayawarta ba sallama. A makona na biyu wani mai Adaidaita ya hango fasinja ya taka birki a gabana. Na danna birkin baya shi kaɗai, kamar yadda na saba da ƙuruciya, taya ta ja ƙasa, na zube. Gwiwa ta gurje, takardun jarrabawar ɗalibai suka watse a kwalta. Daga baya na fahimci cewa birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da babur, kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi. Babu wanda ya taɓa koya mini wannan, domin a lungu na koyi tuƙi, wurin yayana.

Abin da ya ceci kaina ranar nan shi ne hular kwano. Mun yi dariya a Janairun 2009, sa'ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sanya ta, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka. Yau dubi masu komowa irina: magidanta masu furfura, da babbar riga da hular zanna, ƙoƙon kai a fili. Kunya ce ke hana mu, kada a ce Dakta ya zama ɗan acaɓa.

Ina kira ga hukumar nan da jami'o'i da ma'aikatu su shirya bitar yini guda ga masu komawa kan babur, a fili mai faɗi, a gwada musu birki da kwana. Ƙungiyoyin ma'aikata kuma za su iya saro hular kwano mai inganci su riƙa cire kuɗin a albashi kaɗan-kaɗan. Ni dai yanzu hular zannata a jaka take tafiya, sai na kashe inji a bakin sashe nake fito da ita. Ɗalibai sun yi dariya mako guda, suka gaji.