Dodon da Ba a Haska Ba

Tun 2014 da marubucin Amurka Jeff VanderMeer ya fitar da littattafansa uku, Annihilation da Authority da Acceptance, kan masu karatu yake a rabe. Akasari sun yaba na farko, inda mata huɗu masu bincike suka kutsa Area X, yankin da halittu ke rikiɗa. Na biyu, in ji wasu, ya cika jan ƙafa a ofisoshin hukuma. Babban ƙorafin kuwa shi ne na uku ya ƙare bai warware asirin yankin sarai ba.

A nan na saɓa musu. Kwarjinin dodo yana cikin duhu ne. Ranar da aka haska shi da fitila, yara ma sai su jefe shi. Da VanderMeer ya yi bayani, da tsoron ya gushe.