Kafin Dattijo Ya Sayi Gidan Ritaya A Turkiyya

A 'yan shekarun nan wasu masu ajiye aiki na sha'awar ƙarasa rayuwarsu a Turkiyya, saboda masallatanta da asibitocinta. Abin takaici shi ne, farashi da kyan unguwa kaɗai ake tambaya, a manta da ƙasar da aka ɗora ginin a kanta.

Girgizar ƙasar Izmit ta 17 ga Agusta 1999 ta hallaka mutane fiye da 17,000. Ta 6 ga Fabrairu 2023 kuwa ta kashe sama da 50,000 a kudancin ƙasar, ta ragargaza birnin Antakya. Tsagar ƙasar da ta haddasa ta Izmit tana ratsa ƙarƙashin tekun Marmara, dab da Istanbul.

Ba cewa muke a ƙaurace wa ƙasar ba. Amma a sani, rushewar gini ce ke yawan kisa, kuma dattijo mai ciwon gwiwa ba ya gudu daga hawa na takwas. Don haka wajibi ne ya bincika: yaushe aka yi ginin, tunda an tsaurara dokar gini a 2007 da 2018? A kan dutse yake ko ƙasa mai laushi ta bakin ruwa? Injiniya amintacce ya duba ginshiƙansa?

Haƙiƙa ajali na hannun Allah. Amma Halifa Umar (R.A.), da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Riƙo da sababi ba ya kore tawakkali. Allah Ya sa mu dace, amin.