Mai Yoyon Fitsari Magani Take Bukata

A garuruwanmu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji akwai wata cuta da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. Ita ce yoyon fitsari. Wani lokaci har bayan gida yakan zubo ba tare da sanin mai shi ba. Ra'ayinmu shi ne, ɓoyewar ta fi cutar illa.

Me ke kawo ta? Ga mata, yawanci doguwar naƙuda ce. Kan jariri yakan danne mafitsara na tsawon lokaci. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Ba sammu ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Namiji ko mace mai shanyewar jiki, ko wanda ya ji ciwo a ƙashin baya, shi ma yakan kasa riƙe fitsari, domin jijiyoyinsa sun taɓu.

Babban kuskuren da ake yi shi ne hana majinyaci shan ruwa, wai don yoyon ya ragu. Wannan ba daidai ba ne. Fitsari yakan yi kauri, warinsa ya ƙaru, ya ci fata, har ƙoda ta kamu. A ba shi ruwa mai tsabta isasshe.

Ga abin da ya kamata a yi a gida. A wanke jiki da ruwa da sabulu, a tsane, a shafa man kaɗe. A riƙa sake ƙunzugu, a wanke shi, a shanya a rana. Mai shanyewar jiki a riƙa juya masa kwanciya bayan kowace awa 2, don kada gyambo ya fito. A ba shi wake, zogale da rama, domin suna sauƙaƙa bayan gida.

Amma kulawar gida ba ta rufe ƙofar da naƙuda ta buɗe. Sai an je asibiti. A shekarar 2012 aka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a Danja, kudu da Maraɗi. A Katsina ma akwai asibitin Babbar Ruga. In aka kai mace da wuri bayan haihuwa, robar fitsari kaɗai takan sa ƙaramar ƙofa ta rufe. In ta daɗe, ana yi mata aiki, kuma mata da yawa sun warke.

Maigida, a nan nauyinka yake. Matar da ta sami wannan lalura wajen haifa maka ɗa, bai dace ka mayar da ita gidan iyayenta ba. Ka sayar da buhun gero ko akuya, ka biya kuɗin mota, ka raka ta da kanka.

Rigakafi kuwa ya fi magani. A bar yarinya ta girma kafin ɗaukar ciki. A je awo. Naƙudar da ta kai awa 12 babu haihuwa, a garzaya likita.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.